Idon Aro

Shekara ashirin da shida Fausto Barragán ya yi yana busa usur a filayen ƙwallo na bayan garin León, kuma babu irin zagin da bai sha ba. An zagi uwarsa, an zagi kakarsa, an ce makaho ne, an ce da kwalbar giya ɗaya ake sayensa. Duk wannan ko a jikinsa. Mu a nan, ranar da aka ba mutum baƙar rigar alƙalanci, da zagin ake haɗa masa. Litinin zuwa Asabar yana yankan fata a masana'antar takalma, ranar Lahadi kuwa ƙarfe bakwai a fili take yi masa, ya busa wasa uku a jere, ya dawo gida murya a dishe yana jin kansa kamar gwamna.

Duka ne kawai bai taɓa sha ba, sai ranar da ya haɗu da Rutilio Cuevas, wani ɗan baya da ake wa laƙabi da Alfadari saboda harbi da taurin kai. Rutilio ya tokari wani ɗan gaba da gwiwar hannu a maƙogwaro. Fausto ya zaro jan kati ya ɗaga masa, sannan ya sunkuyar da kai yana rubuta lambarsa. Bai ga tahowar ƙafar ba. Ta gefe ta zo, da ƙusoshin takalmi, ta sauka a gwiwarsa ta dama, waɗanda ke kusa suka ce sun ji ƙara kamar an karya rake.

Da 'yan sanda suka zo, mutum wajen ɗari biyu ne a bakin fili, amma kowa ya rantse a daidai lokacin yana ɗaure igiyar takalminsa. Matsorata! Hukumar gasar dai ta kori Rutilio har abada, kuma akwai yarjejeniya tsakanin gasannin unguwanni cewa wanda ya taɓa alƙali a ɗaya ya haramta a duka. A takarda ke nan. Gasa ta fi ashirin a garin nan, fili ya fi ɗari, wa zai bi?

Sau biyu aka yi wa Fausto aiki, aka sa masa ƙarfe a gwiwa. Likita bai ɓoye masa ba: tafiya zai yi da sanda, gudu kuwa ya yi sallama da shi. A masana'anta aka ɗauke shi daga teburin yanka, tunda ba ya iya tsayuwa, aka zaunar da shi a lungu yana shafa gam a tafin takalmi. Ya yi ƙiba, gashinsa ya yi fari fat cikin shekara biyu. Duk sanda sanyi ya shiga ƙarfen nan, sunan mutum ɗaya yake kira a ransa, kuma ba da addu'a ba.

Wanda ya ɗauke shi daga fili a ranar shi ne Nicanor Villalpando, tsohon alƙali ɗan shekara sittin da uku, wanda yake busa wasa a filin da ke maƙwabtaka ya jiyo ihu. Shi ne ya riƙe 'yar Fausto a coci ranar baftisma, don haka ba sa kiran juna da suna, sai kompadre. Tunda Fausto ya fara takawa, kowace Lahadi Nicanor zai tsaya da tsohuwar a-kori-kurarsa a ƙofar gida ya danna ham.

"Kompadre! Fito, kar ka ruɓe a kujera!"

"Ina zuwa, ai ba gudu zan yi ba."

"Da can ma yaushe ka taɓa gudu? Daga tsakiyar fili kake busa fenareti."

Akwai wani sirri a tsakaninsu da ko matansu ba su san zurfinsa ba. Yanar ido ta fara rufe wa Nicanor idon hagu, na daman ma ya raunana. Abin nesa yana ganinsa daidai gwargwado, zai hango an taɓa ƙwallo da hannu daga wancan ɓangaren, amma ƙaramin abu a tafin hannunsa ya zama hayaƙi. To kuma kafin kowane wasa sai 'yan wasa sun jeru, kowa ya miƙa katinsa mai hoto da hatimin gasa, alƙali ya dubi hoto ya dubi fuska, don kada a shigo da sojan haya. Nicanor ba ya iya wannan kuma. Tabarau? Ya ce gara ya mutu. Alƙali da tabarau ai ka ba 'yan kallo abin zagi na shekara guda ne. Sai suka samo dabara: Fausto zai zauna a kujera kusa da tebur kamar mai taya riƙon katuna, ya duba kowanne kafin ya miƙa. In lafiya, ya miƙa shiru. In da matsala, ya yi tari. Sau biyu suka kama sojan haya a haka, har ƙungiyar alƙalai ta yaba wa Nicanor da kaifin ido.

In an gama tantancewa an take wasa, sai Fausto ya dafa sandarsa ya shiga zagaya sauran filaye. Nicanor ya ɗauka son ƙwallo ne. Har yakan ce wa mutane, "Kun ga kompadre? An karya masa ƙafa, amma ba a karya masa zuciya ba." Ina! Fausto ya daina kallon ƙwallo tuntuni. Ko an ci ba ya sanin wa ya ci. 'Yan baya kawai yake kallo, ɗaya bayan ɗaya, fili bayan fili, gasa bayan gasa. Ya san mutum irin Rutilio ba zai iya zaman gida ranar Lahadi ba.

Wata goma sha huɗu yana wannan farautar. Ya same shi a wata gasa da ke can ɗaya gefen gari, kusa da majemu, inda warin jima ke bin iska har cikin raga. Ta baya ya fara ganinsa. Alƙali ba fuska yake sani ba, ƙeya da sha-raɓa yake sani, don su yake bi a baya minti casa'in. Mutumin ya aske kai tal, ya tara gemu, ya ƙara kauri, amma gudun nan da hannun hagu a sake kamar ba nasa ba, da yadda yake tofar da yawu ta kafaɗa kafin a bugo kwana, babu mai su sai mutum ɗaya. Gwiwar Fausto ta harba har cikin haƙoransa.

Ya lallaɓa wajen matar da ke sayar da burodi mai cushe da soyayyar fata da yaji.

"Doña, wane ne wancan lamba huɗun?"

"Hilario? Ai shi ne bangon ƙungiyar. Don Clemente mai majema ne ya kawo shi, ya ba shi aiki don ya buga masa. Tunda ya zo sau uku kacal aka zura musu. In sa maka yaji da yawa?"

"Cika shi."

Hilario. Fausto ya yi murmushin da bai kai ido ba. Ya san Hilario Cuevas, ɗan baffan Rutilio ne, shi ma ɗan ƙwallo, kuma shekara uku ke nan yana Texas yana rufin kwano. Ashe katinsa ya bari a gida.

Da wani ne, da ya yi ihu nan take. Fausto ya tauna burodinsa a hankali har ya cinye, don ya san littafin ƙa'ida fiye da yadda ya san addu'ar cin abinci. In aka kama sojan haya kafin a busa usur, ba a yi laifi ba tukuna. A mayar masa da kati, a ce kuskure ne, ya saɓa jakarsa ya tafi, mako mai zuwa ya ɓulla a wata gasar da wani sunan. Amma in ya buga, alƙali ya sa hannu a takardar rahoto, to magana ta ƙare: a ƙwace wasan, a kori ƙungiyar gaba ɗaya, a raba hoton mutumin ga kowace gasa a gari. Ƙungiyar Majema kuwa ta kama hanyar wasan ƙarshe, kuma kowa a unguwar ya san shekara goma sha ɗaya Don Clemente yana bin kofin nan kamar ransa. A ƙwace masa shi a hannu, a gaban ma'aikatansa, saboda mutumin da ya ba aiki? Fausto ya lumshe ido. Tunda aka sa masa ƙarfe bai ji abu mai daɗin wannan tunanin ba.

Dokar tana da wutsiya, ya sani. Alƙalin da ya sa hannu a kan katin bogi za a dakatar da shi shekara guda, kuma ba zai dawo ba sai an sake gwada shi, gudu da ido. Wannan bai dame shi ba. Duk wanda aka ba wasan, shi ya jiyo, ya buɗe idonsa da kyau.

A gida ya buɗe akwatin da yake ajiye tsofaffin kayan alƙalanci. Ɗan wasan da aka kora, alƙali ne ke riƙe katinsa ya kai wa hukuma. Katin Rutilio na ainihi yana aljihun wandon Fausto aka kai shi asibiti, kuma babu wanda ya taɓa tambayarsa. Ga suna, ga hoto, ga karyayyen hancin nan a karkace. Matarsa Herminia ta same shi yana goge katin da gefen riga, ya kuwa zayyana mata komai, yana dariya ƙasa-ƙasa.

"Tsoho, wannan dariyar ba ta yi mini ba," in ji ta.

"Ke dai ki dafa abu mai daɗi ranar."

Majema suka ci wasan kusa da na ƙarshe. Ranar Alhamis da yamma sai ga Nicanor, ba ranar zuwansa ba, ɗauke da ledar burodi mai zaƙi, baki har kunne, yana ƙwala wa Herminia kira.

"Komadre, ɗora kofi! Kompadre, zauna da kyau kar ka faɗi. Ƙungiyar alƙalai ta ba ni wasan ƙarshe."

"Wanne?"

"Na gasar majemu. Ranar Lahadi, ƙarfe goma sha biyu. Sun ce suna son dattijo mai ido, wai wasan zai yi zafi. Mai ido, ka ji!" Ya ƙyalƙyale da dariya ya daki kafaɗar Fausto. "Shekara tara rabona da wasan ƙarshe. Na ɗauka sun manta da ni, suna ta bai wa yaran nan masu man gashi. Har na kai rigata a yi mata guga. Za ka zo ka riƙe mini katuna, ko?"

Herminia ta ajiye butar kofi da ƙarfi. Fausto ya ce, "Zan zo mana."

Ko ƙarar motar ba ta ɓace ba ta juyo kansa.

"Za ka gaya masa."

"Zan duba."

"Ba dubawa za ka yi ba, gaya masa za ka yi. Mutumin nan in aka ce a gwada masa ido, ya gama. Ka fi kowa sani. Tun rasuwar matarsa me ya rage masa in ba Lahadin nan ba?"

"Ni me ya rage mini? Gam?"

"Kai kana da ni, kana da 'yarka, kana da shi. Tsoho, ka dubi Allah. Ka yi tarin nan naka, a kori ɗan banzan a gaban mutane, ya ishe ka."

Bai ishe shi ba, kuma ya sani. Kwana biyu yana juya abin yana shafa gam, har ya manna tafin hagu a takalmin dama. Ya nemi hanyar da zai sami duka biyun, ya rasa. In ya gaya wa Nicanor tun yanzu, mutumin ba ya iya ɓoye abu a fuska, kuma ba zai taɓa barin sojan haya ya shiga filinsa ba. In ya ce masa ya yi ƙaryar ciwo ya bar wasan, da wane dalili, bayan an yi wa riga guga? Ranar Asabar ya haƙura. Ya ce wa Herminia zai yi tari, kuma har ga Allah a lokacin da gaske yake. Sai dai da safe, da yake sa riga, ya zura tsohon katin a aljihu. Ya ce wa kansa don shaida ne kawai.

Filin ya cika tun kafin sha ɗaya. An zuba sabuwar farar ƙasa a layuka, masu ganga da kakaki sun kama gefe ɗaya, mata sun kafa kaskon suya. A ƙarƙashin rumfa an ajiye kofin a kan tebur mai jan mayafi, kusa da shi Doña Amparo Zermeño, sakatariyar gasar, macen da ta fi shekara ashirin tana riƙe da littafin ƙa'ida kuma ba a taɓa jin ta yafe ko waƙafi ba. Don Clemente yana ta kai da kawowa cikin farar hula, yana raba wa mutane sigari kamar an riga an ci.

Nicanor ya fito cikin baƙar rigarsa, karin guga kamar zai yanke hannu. Ya jawo wa Fausto kujera, ya sunkuyo ya ce a hankali, "Yau ranar nan tana kashe mini ido, kompadre. Ko hancina ba na gani. Ka duba mini da kyau."

Ƙungiyar Masu Ɗinki ta fara jeruwa, suka wuce lafiya. Sai Majema. Lamba ɗaya, lamba biyu, lamba uku. Fausto yana jin bugun zuciyarsa a cikin gwiwa. Ya riga ya tara tarin a maƙogwaro.

Lamba huɗu ya matso. Sandar Fausto ta zame daga jikin kujera ta faɗi a gabansa. Rutilio ya sunkuya ya ɗauka, ya kaɗe ta, ya jingine masa ita, sannan ya dube shi ido cikin ido ya yi murmushi.

"Ga ta, Baba. A yi hankali, kar a taka maka. Ciwon sanyi ne?"

Fausto ya kafe shi da ido yana jira. Jira yake ya ga fuskar ta canza, ya ga tsoro, ko kunya, ko ma raini, kome dai. Babu. Mutumin nan bai gane shi ba. Shekara biyu Fausto yana kwana da fuskarsa yana tashi da ita, ya san adadin tabon da ke sha-raɓarsa, shi kuwa ko a kwandon shara bai ajiye shi ba. Wani tsoho ne kawai mai sanda a bakin fili. Ciwon sanyi!

"E," in ji Fausto. "Ciwon sanyi ne."

Ya karɓi katin. Hoton wani siririn saurayi ne mai miƙaƙƙen hanci, ko yaron goye zai ga ba shi ba ne. Nicanor ya miƙo hannu, ya ɗan karkato kunne.

"Lafiya, kompadre?"

Fausto ya haɗiye tarin. "Lafiya lau."

Nicanor ya ɗaga katin kusa da fuska kamar mai nazari, ya dubi Rutilio, ya gyaɗa kai. "Wuce, Hilario. Ban da gwiwar hannu, ina ganinka."

"Haba Malam, ni da ko ƙuda ba na kashewa."

Aka take wasa. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi wa labarin daɗi ba: Nicanor bai taɓa busa wasa mai kyau irin na ranar ba. Kullum yana inda ya kamata, ya raba faɗa biyu da kallo kawai, ya hana fenaretin ƙarya har wanda ya faɗi ya tashi yana dariya. 'Yan kallo suka rasa abin zagi, sai wani ya ƙwala, "Rafali, ko kai ma sojan haya ne?" aka fashe da dariya. Fausto ya ga duk wannan, kuma ya yi masa ciwo. A hutun rabin lokaci Nicanor ya zo shan ruwa yana haki yana cewa, "Ka gan ni? Ka gan ni kuwa?" Ko a lokacin akwai sauran dama, don in alƙali da kansa ya gano kafin ya sa hannu, shi ya tsira. Amma da an tsayar da wasa babu ci, babu kofi a hannun kowa, babu abin ƙwacewa. Fausto ya miƙa masa tawul ya ce, "Na gan ka."

Saura minti shida a tashi Majema suka sami kwana. Lamba huɗu ya taho daga baya, ya tofar da yawu ta kafaɗa, ya tashi sama ya sa kai. Raga ta motsa. Unguwa ta kaure da ihu, Don Clemente ya wurga hularsa sama bai ko nemi inda ta faɗa ba. Fausto ma sai da ya daki ƙasa da sanda don murna, na kusa da shi suka ɗauka ɗan Majema ne.

Usur na ƙarshe ya tashi. Nicanor ya zo teburin rumfa, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ya cika takardar rahoto da manyan baƙaƙe, ya sa hannu, ya miƙa wa Doña Amparo. Fausto bai motsa ba sai da ya ga ta buga hatimi. Ya ƙara jira har aka miƙa wa Don Clemente kofin, ya sumbace shi, ya miƙa wa lamba huɗu da 'yan wasa suka ɗaga a kafaɗa. Sannan ya miƙe. Muryar da ta yi shekara ashirin da shida tana tsayar da maza ashirin da biyu tana nan inda ya bar ta.

"Rutilio Cuevas!"

Mutumin da ke kan kafaɗu ya waiwayo da kofi a hannu.

"Alfadari! Sauko, ba ka gama da ni ba."

Yanzu kam fuskar ta canza. Fausto ya ga idon ya sauka kan sandar, ya koma kan gwiwar, ya dawo kan fuskarsa, ya ga bakin ya buɗe a hankali. Wannan kallon shi ya yi shekara biyu yana jira, kuma bai yi masa ƙaranci ba ko kaɗan. Ya ɗingisa zuwa tebur ya ajiye tsohon katin kusa da na Hilario.

"Doña Amparo, sunana Fausto Barragán, alƙali. Wannan mutumin shi ya karya mini ƙafa a fili, an kore shi har abada. Mai wancan katin yana Texas. Ki duba hancin."

Ta duba kati, ta duba kati, ta duba mutum. Ba ta ɗauki minti ɗaya ba.

"Don Clemente, a dawo da kofin nan kan tebur."

"Doña, don girman Allah, a zauna a yi magana! Ni ban sani ba! Na rantse da kabarin uwata ban sani ba!"

"Ban ce ka sani ba. Na ce a dawo da kofi. An ba Masu Ɗinki wasa, Majema sun fita daga gasa, hotonsa zai zagaya gobe."

Waɗanda suka ɗaga Rutilio ba su sauke shi ba, sakinsa suka yi. Ya faɗo a kan duwawu, golansu ya fizge kofin daga hannunsa. Kyaftin ɗinsu, mutum mai 'ya'ya huɗu, ya tsuguna yana kuka wiwi. Don Clemente ya tsaya a kan Rutilio.

"Na ba ka aiki, na zaunar da kai a teburina! Kar in ƙara ganin ƙafarka a majemata. Kuma duk mai majema a garin nan zai ji sunanka daga bakina, na gaskiyar!"

Rutilio ya tashi yana kaɗe wando, ya nufo Fausto da hannu a dunƙule. Wannan karon babu mai ɗaure igiyar takalmi, maza goma suka sha gabansa, har da nasa. Fausto ya leƙo ta kafaɗarsu.

"A yi hankali, ɗana," ya ce. "Kar a taka ka."

Daɗi ya ratsa shi tun daga ƙeya har cikin ƙarfen gwiwarsa. Yana cikin wannan ne ya ji muryar Doña Amparo a bayansa, ta sauko ƙasa.

"Don Nicanor, ka yi haƙuri. Hannunka ne a takardar. Dole in rubuta wa ƙungiyarku, ka san sauran."

"Na sani, Doña. Yi aikinki."

Bai ce rana ce ta kashe masa ido ba, bai ce wani ne ya duba masa ba. Ya cire usur daga wuya ya naɗe igiyar ya sa a aljihu, ya je ya gaisa da kyaftin biyu kamar yadda aka saba, sannan ya ɗauki kujerar Fausto ya kai mota.

Ya ɗauko Fausto a mota suka ratsa gari. A ƙofar gida Nicanor ya kashe mota, ya zagayo ya buɗe masa, ya ba shi kafaɗa ya dafa ya sauko. Herminia tana tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu. Ta dubi fuskar ɗaya, ta dubi ta ɗayan, ta koma ciki.

"Abu ɗaya zan tambaye ka," in ji Nicanor. "Da na tambaye ka ko katin lafiya, ka gani?"

"Na gani."

"Tun yaushe ka san yana nan?"

"Mako uku."

Nicanor ya gyaɗa kai yana kallon tayar mota. "Ya yi daɗi?"

Fausto ya so ya yi ƙarya, amma ƙaryar yau ta ishe shi. "Ya yi, kompadre. Wallahi ya yi."

"To madalla. Ai da bai yi ba, da na yi asarar banza." Ya sauko da kujerar ya jingine ta a bango, ya goge hannunsa a rigar da aka yi wa guga. "Ka san abin da ya fi ci mini rai? Ranar Alhamis ina zaune a teburinka ina cin burodi. Da ka ce mini, Nicanor, ga mutumin nan, ina son kansa, amma sai ka ba da usur ɗinka, da na sa hannun nan ina sane. Da na ba ka, Fausto. Tambaya kawai za ka yi."

Ya shiga mota ya ja ƙofar sau biyu kafin ta kama, ya tayar, ya tafi a hankali ta gefen hanya.